Darasi na Tara: Rufaffen Kwari da Yadda Taswira ke Nuna Shi

Ruwan saman da ya sauka a garin Kaduna yana bin kogin Kaduna ya faɗa kogin Kwara, daga can ya gangara kudu har teku. Wanda ya sauka a Kano kuwa ba zai taɓa ganin teku ba. Kogin Haɗeja zai bi ya nufi gabas, fadamun Nguru su sha nasu, rana ta sha nata, abin da ya yi saura ya bi Komadugu Yobe ya shiga Tafkin Chadi. A nan tafiyarsa ta ƙare, domin ƙasar da ke kewaye da babban kwarin da tafkin ke ciki ta fi shi tudu ta kowace fuska, kuma ruwa ba ya hawa tudu.

Kwari iri biyu ne ke nan. Akwai buɗaɗɗe, wanda ke da baki ta gefe ɗaya, ruwa ya shigo ya wuce, irin kwarin da kowane kogi ke bi. Akwai kuma rufaffe, wanda tudu ya yi masa zobe, abin da ya shiga ba ya fita sai dai rana ta shanye shi ko ƙasa ta tsotse. Wannan na biyun shi ne darasinmu. Yana iya zama ƙarami kamar tafkin bayan gari da shanu ke sha da kaka, yana iya zama ƙato har ya haɗa ƙasashe da dama. Girmansa dai bai canza yadda ake zana shi a taswira ba.

Me ke haƙa shi

A ƙasashenmu na Sahel iska ce babbar mai haƙa. Inda ƙasa ta bushe, ba ciyawar da za ta riƙe ta, iska tana kwashe lallausan turɓaya shekara da shekaru har wurin ya loɓa. A ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa a Nijar, da arewacin jihar Yobe a Najeriya, za ka yi ta tafiya a kan tudun rairayi, kwatsam sai ka leƙo wani kwari kore shar, da dabino da goriba a gefe, tsakiyarsa fari fat da kanwa. A ƙasan irin wannan kwari ruwa yana kusa, shi ya sa ake lambu a ciki. Ruwan da rana ke ja sama kuma yana barin gishirinsa a baya, daga nan ake samun kanwa da mangul da fatake ke kai wa kasuwanni tun kaka da kakanni.

Babban misalin aikin iska shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani ƙaton tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, gawarwakin ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan farar ƙasa. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mana rana da hunturu daga can yake tasowa, wani ma yana tsallake tekun Atilantika ya sauka a dajin Amazon. Wani abin da ya kamata ku riƙe a nan: Tafkin Chadi yana wajen mita 280 sama da matakin teku, amma ƙasan Bodele bai wuce mita 160 ba. Tafkin ba shi ne wuri mafi zurfi a kwarinsa ba. A zamanin da ruwa ke da yawa, idan ya cika yakan malala ta busasshen kwarin Baharul Gazal ya nufi Bodele.

Wani kwarin kuma ƙasa ce ke tsagewa, tsakiya ta nitse. Haka aka sami Tekun Luɗu, wanda ake kira Mataccen Teku, tsakanin Jodan da Isra'ila da Falasɗinu. Gaɓarsa tana wajen mita 430 ƙasa da matakin teku, babu busasshiyar ƙasa a duniya da ta fi ta zurfi, kuma ruwan yana ƙara ja baya kimanin mita ɗaya kowace shekara saboda ana tare kogin Jodan don noma da sha. A Afirka, tafkin Assal na Jibuti ne ya fi ko'ina zurfi, mita 155 ƙasa da matakin teku.

Sauran hanyoyin za mu ambace su a gurguje. Dutse mai aman wuta yakan bar rami a ƙoƙon kansa, kamar wanda tafkin Nyos na Kamaru ke ciki. Dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya yakan fasa ƙasa: tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Ghana a cikin irin wannan rami yake, faɗin bakinsa ya ɗara kilomita 10. Inda kuma akwai dutsen da ake siminti da shi, ko gishiri, a ƙarƙashin ƙasa, ruwa yakan narkar da shi a hankali har sama ta rufta.

Layin tsayi

Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ƙasa kuwa tana da tudu da gangare. Dabarar da masu safiyo suka tsaya a kai ita ce layin tsayi, wanda suke kira kontuwa. Layi ne da ke bin duk wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga matakin teku. Idan an rubuta 300 a kan layi, ko'ina ka tsaya a kansa kana mita 300 sama da teku. Wanda ya bi shi da ƙafa ba zai hau ba, ba zai sauka ba. Galibi da launin ƙasa-ƙasa ake zana shi, a bar shuɗi don ruwa.

Abin sha'awa, zurfi aka fara aunawa da wannan dabara kafin a auna tudu. A 1584 wani mutumin Holan mai suna Pieter Bruinsz ya zana layin zurfi a taswirar kogin Spaarne, don masu jirgin ruwa su san inda za su bi. Sai daga baya aka ɗauko dabarar aka hau duwatsu da ita.

Tsakanin kowane layi da na kusa da shi akwai tazarar tsayi guda, wadda ba ta canzawa a taswira ɗaya. Ana rubuta ta a gefen takarda daga ƙasa, kusa da ma'auni. Ita ce abu na farko da za ku nema kafin ku ce uffan a kan taswira. Tsofaffin taswirorin Najeriya masu ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 ke wakiltar kilomita ɗaya, da yawa da ƙafa aka auna su, tazarar ƙafa 50, wato kimanin mita 15. Wanda ya ɗauki ƙafa a matsayin mita ya ninka tsayin wuri fiye da sau uku. Kowane layi na biyar akan kaurara shi, a rubuta masa lamba, don ido ya sami abin kamawa. Inda layuka suka matsu da juna gangaren yana da tsini, inda suka ware ƙasar ta kwanta. Ba sa gitta juna, domin wuri ɗaya ba zai yi tsayi biyu ba.

Tudu ne ko rami?

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, kuma gara ku gani da idonku. Ku sami ƙwarya da baho da gawayi. Ku ajiye ƙwaryar bakinta a sama, ku zuba ruwa zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ku zagaye bakin ruwan da gawayi ta ciki. Ku ƙara wata gaɓar, ku sake zagayewa, har ta cika. Ku zubar da ruwan ku leƙa daga sama: zobba ne, ƙarami cikin babba. Yanzu ku kife ƙwaryar a cikin baho, wani ya danne ta, ku riƙa ƙara ruwa a bahon gaɓa gaɓa kuna zagaye bayanta. Ku leƙa daga sama. Zobba ne kuma, ƙarami cikin babba, kusan babu abin da ya raba su da na farko.

Zobe a taswira, shi kaɗai, ba ya gaya maka tudu ne ko rami. Tun da tuddai sun fi yawa, ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce zoben da ba a yi masa wata alama ba tudu ne. Shi kuwa rufaffen kwari ana yi wa layinsa 'yan gajerun zane a jere, suna fitowa daga jikin layin suna kallon ciki. A wannan littafi za mu kira shi layi mai geza. Gezar kullum tana nuna inda ƙasa ta gangara, inda ruwa zai bi idan an zuba shi a kan layin. Wasu taswirorin, maimakon geza, suna sa 'yar kibiya mai nuna tsakiyar ramin. Ku duba jerin alamomin da ke gefen takardar ku ga wadda mai taswirar ya zaɓa.

Idan taswirar ta tsufa ko an yi mata kwafi har gezar ta dushe, akwai wasu shaidu. Lambobi su ne na gaba: in suna raguwa yayin da kake shiga tsakiya, 340, 320, 300, sauka kake yi. Wani lokaci za ka ga ɗigo a tsakiyar zoben da lamba a gefensa, tsayin wannan wuri ke nan da aka auna shi kai tsaye. In lambar ta gaza ta zoben da ya kewaye ta, rami ne. A wuraren da suka nitse ƙasa da matakin teku ana sa alamar ragi a gaban lamba, kamar −100, kuma a nan −130 ya fi −100 zurfi.

Shaidar da na fi amincewa da ita ita ce ruwa. Rafuka suna gudu daga tudu su watsu ta kowace fuska. A rufaffen kwari kuwa suna taruwa ne daga kowace fuska su ƙare a tsakiya, a tafki, ko a fadama, ko su ɓace kawai a cikin rairayi. Yadda za ka san inda rafi ya dosa shi ne ka duba wurin da layin tsayi ya tsallake shi. Layin yakan lanƙwashe ya yi tsini, tsinin kuma yana nuna inda ruwan ya fito. A jikin tudu tsinin yana kallon tsakiya. A cikin kwari yana kallon waje, wajen baki.

Lissafin zurfi

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke rikita mutane, alhali hankali kawai take bukata. A ce dutse ne mai rami a kansa, tazarar layuka mita 20. Kana hawa, ka tsallake layin 300, ka tsallake 320, ka tsallake 340. Sai ga zobe mai geza a gabanka. Nawa ne tsayinsa? Da yawa za su ce 360, wasu su ce 320. Amsar ita ce 340. Bayan ka wuce layin 340 ka ci gaba da hawa har bakin ramin, amma ba ka kai 360 ba, don da ka kai da an zana layinsa. Da ka fara sauka ciki, dole ka sake ratsa tsayin 340. Saboda haka layi mai geza na farko yana maimaita lambar layin da ya kewaye shi. Mai geza na biyu shi ne 320.

A ce zobba masu geza biyu ne kacal. Bakin ramin yana tsakanin 340 da 360. Ƙasansa yana tsakanin 320 da 300. Zurfin ya fi mita 20, bai kai mita 60 ba. Iyakar abin da taswirar ta faɗa ke nan, sai fa in an sa ɗigon tsayi a baki da ƙasa. Duk wanda ya ce maka zurfin mita 40 ne cif, ƙiyasi ya yi, kuma ya kamata ya faɗa cewa ƙiyasi ne.

Idan ramin a jikin gangare yake, tsakanin layin 300 da na 320, zobensa mai geza na farko 300 ne, wato lambar layin da ke ƙasa. Dalilin ɗaya ne da na sama: daga wani wuri tsakanin 300 da 320 ka fara sauka.

Kwarin Kattara da ke yammacin Masar ya nuna abin da irin wannan karatu ke iya jawowa. Ƙasansa ya kai mita 133 ƙasa da matakin teku, faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 20,000. A taswira, layukan gefensa na arewa sun matsu ƙwarai, alamar gangare mai tsini kamar bango, na kudu kuma sun ware. Cikinsa laka ce mai gishiri da rairayi mai nitsar da mota. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Ingila sun ja daga a El Alamein saboda tsakanin Bahar Rum da bakin wannan kwari tazarar ba ta wuce kilomita 60 ko makamancin haka ba. Teku ya tsare musu dama, kwari ya tsare hagu, tankokin Rommel na Jamus ba su da hanyar zagayowa ta baya kamar yadda suka saba yi a hamada. Injiniyoyi ma sun daɗe suna kallon layukan nan. Tun farkon ƙarni na 20 ake kawo shawarar a haƙa hanya daga Bahar Rum, ruwa ya gangara cikin kwarin ya juya injin lantarki, rana kuma ta riƙa shanye shi. Har yau ba a yi ba.

Abin da taswira ba ta faɗa

Yawancinmu ba za mu je Kattara ba. Kwarin da zai shafi rayuwarmu shi ne wanda zurfinsa bai wuce mita biyu ko uku ba, a bayan gari, inda ake yanka filaye. Shi kuwa taswira mai tazarar mita 15 ko 20 tana iya tsallake shi ɗungurungum. In bakinsa yana 312, ƙasansa yana 309, babu layin 300 ko na 320 da zai ratsa shi, sai wurin ya fito fari a takarda kamar shimfiɗaɗɗen fili. Farin wuri tsakanin layuka biyu yana nufin bambancin tsayi bai kai tazara ɗaya ba. Mita uku kuwa ta isa ta nitsar da ɗaki har rufinsa.

Masu taswira sun san da wannan. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sukan ƙara layi mai tsinke-tsinke a rabin tazara, ko su sa alamar fadama, ko su zagaye tafkin da ke ƙafewa da rani da shuɗin layi mai tsinke-tsinke. Don aikin gini da magudanar ruwa kuma akan yi safiyo na musamman mai tazarar mita ɗaya ko rabin mita. Taswirorin da ke cikin waya suna da irin wannan rauni. Da yawansu sun dogara ne da awon da aka yi daga sama, kamar wanda kumbon Endeavour na Amurka ya yi da na'urar rada a watan Fabrairun 2000, inda kowane awo ɗaya ke wakiltar fili mai faɗin kimanin mita 30. Ƙaramin kwari yana iya ɓacewa a ciki.

Sai kuma shekarun taswira. Ku duba shekarar da aka yi safiyon, tana rubuce a gefe. Tsofaffin biranenmu, Kano da Zariya da Katsina, cike suke da kududdufai da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini. Hannun mutum ne ya haƙa su, amma aikinsu ɗaya ne da na rufaffen kwari: su ke karɓar ruwan unguwa da damina. An cike da yawa da shara an yi gini a kai. Ruwan da ke zuwa can bai daina zuwa ba, sai dai ya nemi wuri mafi ƙasa na gaba, wanda sau da yawa tsakar gidan maƙwabci ne. A irin wannan hali tsohuwar taswira ta fi sabuwa amfani, domin ita ke nuna inda ramin yake a da.

Don haka mai sayen fili ya haɗa takarda da ƙafa. Dillalai sun fi son nuna fili da rani, kuma ba a banza ba. Ka koma a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba za ka iya jira ba, ƙasar da kanta tana ba da labari: baƙar laka mai tsagewa da rani, farin gishiri a kan turɓaya, giyayya ko bagaruwa a tsaye a zagaye, duk alamun wurin da ruwa ke kwanciya ne. Ka tambayi dattijan wurin ko makiyaya ina shanu ke shan ruwa da kaka.

Wurin da bai dace da gida ba kuma yana iya zama mafi daraja ga manomin rani. A kwari rijiya ba ta nisa, danshi yana daɗewa, ƙasar da ruwa ya kwaso daga tudu a nan take taruwa. Abin lura shi ne gishiri. Rufaffen kwari ba ya wanke kansa, duk abin da ruwa ya kawo yana nan, kuma in ban-ruwa ya yi yawa ba magudana, ƙasa takan yi kanwa ta daina ba da amfani. Tafkin Chadi ya tsira daga zama ruwan gishiri ne saboda wani kaso na ruwansa yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin. Iska mai nauyi ma gangare take bi kamar ruwa. Shi ya sa sanyin asuba ya fi tsanani a fadama da hunturu. A daren 21 ga Agustan 1986 wata iska mai nauyi da ke shaƙe numfashi ta ɓalle daga tafkin Nyos, ta bi kwaruruka ta gangara cikin ƙauyuka, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi masu yawa. Waɗanda ke kan tudu da dama sun tsira.

Aiki

1. Ku kasu rukuni-rukuni ku yi gwajin ƙwarya da baho. Kowane rukuni ya zana zobban a takarda sau biyu, ya mai da ɗaya tudu, ɗaya rami, ba tare da rubuta kalma ko ɗaya ba. Ku yi musayar takardu da wani rukuni ku ga ko za su gane.

2. A wata taswira tazarar layuka mita 10 ce. Daga waje zuwa ciki akwai zoben 450, da na 460, sannan zobba uku masu geza. Ku rubuta lambar kowane zobe mai geza. Mene ne mafi ƙarancin zurfin da ramin zai iya yi, mene ne kuma mafi yawa?

3. Wata taswira ta nuna zobba ba lamba, ba geza, amma rafuka huɗu sun ratsa su, tsinin layukan duk yana kallon waje. Tudu ne ko kwari? Ku faɗi dalili.

4. Tsohuwar taswira ta ce wani wuri yana kan layin 1,500, tazararta kuma ƙafa 50 ce. Kimanin mita nawa ke nan, idan mita ɗaya ta ɗan ɗara ƙafa uku?

5. Ku zana taswirar unguwarku ko ƙauyenku da hannu. Ku sa zobe mai geza a duk inda ruwa ke kwanciya fiye da kwana biyu bayan an yi ruwan sama, da kibiya mai nuna ta inda yake shigowa. Ku tambayi wani dattijo ko akwai kududdufi ko tafkin da aka cike, ku sa shi da layi mai tsinke-tsinke. Ku zo da taswirar a zama na gaba, da ita za mu koyi zanen yankan ƙasa daga gefe.